Hostel ko jeka-ka-dawo ga ɗan aji ɗaya?

Iyaye a ƙauyukan Kafin Hausa suna yawan tambaya: yaro ya samu Jami'ar Sule Lamido, ya kama hostel ko ya riƙa zuwa daga gida?

A ido gida ya fi araha, tuwo kyauta ne. To kuɗin mashin kullum fa? Da damina kuma ga noma, ga hanya ta caɓe. Laccar ƙarfe 8 ta wuce shi, gwaji ya wuce, sai kwas ɗin ya hau kan na baɗi. Nan asarar take.

Hostel akwai cunkoso da kuɗin gado, amma laburare da abokan bita suna kusa.

Wanda gidansu ke bakin titi, aka kuma ɗauke masa aikin gona, gida ya ishe shi. Na nesa ya kama gado.