QEMU da GDB wajen gano abin da ke kayar da karnel tun wurin tashi

Duk mai rubuta tsarin aikin kwamfuta na kansa a kan furosesar x86 ya san wannan ciwon kai. GRUB, manhajar da ke tayar da tsarin, ya loda karnel, wato zuciyar tsarin aikin, allo ya yi baƙi, na'ura ta sake tashi, GRUB ya sake bayyana, a yi ta zagaye ba saƙo ba bayani. A wannan matakin ba a riga an rubuta abin da zai buga saƙon kuskure ba, don haka karnel ba shi da bakin faɗin abin da ya same shi. QEMU, kwamfutar kwaikwayo ta kyauta wadda Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003, da ita nake wannan aikin, kuma a ganina babu kamarta wajen nuna inda aka faɗi. Wajen faɗin dalilin faɗuwar kuwa tana da rowa.

Sake tashin nan kusan kullum tuntuɓe uku ne a jere. Furosesa ta gamu da kuskure, ta duba teburin IDT don neman mai kula da shi, ba ta samu ba, sai ta ɗaga kuskure mai lamba 8. Shi ma ya rasa mai karɓa, sai ta haƙura ta sake kunna kanta. Abin nema shi ne tuntuɓen farko, domin sauran biyun biyo baya ne kawai. Ga umarnin da ke fito da shi:

qemu-system-i386 -cdrom os.iso -accel tcg -M smm=off -d int,cpu_reset -D rahoto.txt -no-reboot -no-shutdown

-no-reboot da -no-shutdown suna daskarar da na'urar a inda ta faɗi. -d int yana rubuta kowace katsewa da kowane kuskure tare da duka rajistoci, wato ƙananan ma'ajiyoyin cikin furosesa, -D kuma yana zuba su cikin fayil. smm=off yana kawar da ɗaruruwan layukan da BIOS, manhajar farko da ke tashi a na'ura, ke cika rahoton da su. Mafi muhimmanci shi ne -accel tcg, wanda ke sa QEMU ta kwaikwayi furosesa da kanta. Idan aka kunna KVM don neman sauri, furosesar gaske ce ke karɓar kurakuran, -d int ba zai nuna komai ba, kuma QEMU ba za ta yi gargaɗi ba. Wannan shirun shi ne aibinta na farko a wurina.

A cikin rahoton a nemi layin farko mai check_exception old: 0xffffffff. Lambar da ke bayan v= ita ce nau'in kuskure: 0e na shafin ma'adana ne, 0d na karya dokar kariya, 06 na umarnin da furosesa ba ta yarda da shi ba. Misalin da ya fi yawa ga masu ɗora karnel a saman adireshi, wato 0xC0000000, shi ne a ga v=0e e=0000, kuma CR2, rajistar da ke riƙe adireshin da aka kasa kaiwa, da adireshin umarnin da ake kai su zo ɗaya, kusa da 0x00100000. Ma'anarsa an kunna bit na 31 na rajistar CR0, shafuka, wato tsarin fassara adireshin ma'adana, sun fara aiki, amma umarnin da ke gudana yana nan a ƙasa, daidai bayan megabait na farko, inda sabon teburin shafuka bai san da shi ba. Umarni na gaba ma ba a iya ɗauko shi ba. Maganin shi ne gurbi na 0 da na 768 na babban teburin shafuka su nuna teburi ɗaya na megabait 4 na farko, a yi tsalle zuwa adireshin sama, sannan a goge gurbi na 0 a sake loda CR3, rajistar da ke nuna inda babban teburin yake. A kula kuma CR3 adireshin zahiri yake so, wanda ya rabu daidai da 4096. Da yawa suna ba shi adireshin da mahaɗin fayiloli ya lissafa a sama, su manta da cire 0xC0000000.

Akwai wata ruɗu da rahoton ke warwarewa cikin minti ɗaya. Karnel ya faɗi da zarar an ba da umarnin sti, mai buɗe wa katsewa hanya, aka ga v=08, aka ɗauka tuntuɓe biyu ne. A duba layin da ke samansa. Idan an rubuta Servicing hardware INT=0x08, to agogo ne kawai ya buga, domin BIOS yana barin PIC 8259, guntun da ke isar da katsewar na'urori, yana aika katsewar agogo a lamba 8. Sai a mayar da PIC ɗin biyu zuwa 0x20 da 0x28. Idan bayan haka aka ga v=0d e=0102, gurbi na 0x20 na IDT ne ba a cika ba: a raba 0x100 da 8 a sami lambar gurbin, 2 ɗin kuma yana nuna IDT ake nufi.

Da adireshin a hannu, addr2line -e kernel.elf yana mayar da shi sunan fayil da lambar layi, muddin an harhaɗa da -g. Idan ya nuna layin C mara laifi kuma kuskuren 06 ne, a duba da objdump -d. Sau da yawa GCC, mai harhaɗa C, ne ya saka umarnin SSE irin movaps alhali ba a kunna shi a CR4 ba, sai a ƙara -mgeneral-regs-only.

Haɗa QEMU da GDB, manhajar bin diddigin kuskure, abu ne mai sauƙi. -S yana tsayar da furosesa kafin umarnin farko, -s yana buɗe ƙofa ta 1234, a cikin GDB kuma a rubuta target remote localhost:1234. Daga nan ana bin umarni ɗaya-ɗaya da si ana kallon rajistoci. A ƙarƙashin KVM a yi amfani da hbreak maimakon break, domin break yana rubuta alama a ma'adana kuma GRUB zai loda karnel a kanta ya shafe ta. Guda 4 kaɗai x86 ke bayarwa na hbreak. Inda haɗin ke da rauni shi ne wurin sauya yanayi. A yanayin bit 16 GDB yana fassara umarni ba daidai ba, tsofaffin GDB kuma sukan katse da Remote 'g' packet reply is too long idan furosesa ta shiga bit 64 a tsakiyar zama. A irin wannan wurin na fi dogara da allon sarrafa QEMU: info registers don ganin GDT, teburin sassan ma'adana, da IDT, info mem don ganin shafukan da furosesa ta san da su a zahiri, xp don karanta adireshin zahiri. info mem kaɗai ya isa a so QEMU.

-kernel yana loda fayil kai tsaye ba tare da GRUB ba, amma a ƙa'idar lodawa ta Multiboot, ta farko kawai ya sani, ban da ta biyu, kuma yana ƙin ELF mai bit 64 ta wannan hanyar. Don buga saƙo tun kafin a rubuta direban allo, -debugcon stdio yana fito da duk bait ɗin da aka aika ƙofa ta 0xE9.

Babban aibinta shi ne sassauci. QEMU kamar malami ne mai yafe kuskuren da ranar jarrabawa ba za a yafe ba. Ma'adanarta cike take da sifili tun farko, don haka teburin shafukan da aka manta ba a share ba zai yi aiki lafiya lau, a kan injin gaske kuwa shara ce a ciki. TCG ba ya bincikar iyakar sassan GDT a yawancin karatu da rubutu. Sannan idan ta ɗaga 0d, lamba kawai take bayarwa. Bochs, wata kwamfutar kwaikwayo, ya fi ta a nan, domin yana rubuta dalilin a fili a rahotonsa, yana kuma tsayawa a kan umarnin xchg bx, bx idan an kunna masa hakan, sai dai yana da nauyin tafiya. Duk 0d da lambar kuskurensa ta zo 0000, gara a kai ISO ɗin nan Bochs a karanta abin da zai ce.

Karnel ɗin da ya tashi a QEMU da megabait 128 da take bayarwa in ba a faɗa mata ba, a sake gwada shi da -m 32M da -m 4G kafin a rubuta shi a filashi. Na ƙarshen yana tona asirin karnel ɗin da ya ɗauka ma'adana a jere take ba rami, domin wani ɓangarenta yana komawa sama da gigabait 4.