Skarmory ko Corviknight: wanne ya dace da gurbin da ya rage a tim ɗinka?

Wani ɗan'uwa daga Tudun Wada ya ajiye tambaya a zauren 'yan Pokémon na Kaduna. Yana buga OU (rukunin gasar da aka fi bugawa) na wasan Scarlet da Violet ta waya a Showdown, shafin karawar Pokémon ta intanet, ya riga ya tsayar da dodanni biyar: Great Tusk mai Rapid Spin (motsin share tarko), Gholdengo, Slowking na Galar, Dragapult da Weavile. Saura gurbi ɗaya, kuma katanga yake nema, wato dodo mai jure duka, don Kingambit da Rillaboom suna share shi a ƙarshen wasa. Ya ce Defense (ƙarfin tare dukan gaba-da-gaba) na Skarmory 140 ne, na Corviknight 105, to me ya sa yake ganin mutane suna ɗaukar Corviknight?

Ɗan'uwa, bari mu fara da wannan 140 da 105 ɗin, domin a nan ake yawan ruɗewa.

Su biyun tsuntsayen ƙarfe ne, nau'insu ɗaya, Ƙarfe da Tashi. Skarmory tsohon hannu ne, tun Gold da Silver na 1999 yake, ya kuma shigo Scarlet da Violet ta ƙarin Indigo Disk a Disambar 2023. Corviknight ya zo ne da Sword da Shield a 2019. Wuta da Lantarki ne kaɗai ke musu duka ninki biyu. Dukan Ƙasa da na Guba ba sa taɓa su sam, Ciyawa da Ƙwaro kashi ɗaya cikin huɗu kawai suke ci. Ba sa taka tarkunan da ake shimfiɗa wa mai shigowa fili, wato Spikes, Toxic Spikes ko Sticky Web, amma tarkon Stealth Rock na cire musu kashi 12.5 cikin ɗari duk shigowa. Wato ta wannan ɓangaren babu wanda ya fi wani.

Ga alƙaluman asali:

Skarmory: jini 65, Attack 80, Defense 140, Sp. Def 70, gudu 70.
Corviknight: jini 98, Attack 87, Defense 105, Sp. Def 85, gudu 67.

Juriyar duka ba Defense kaɗai ba ce, jini ne a ninka da Defense. A mataki na 100, idan ka zuba EV (makin horo) 252 a jini, 252 a Defense, da hali Impish mai ƙara Defense, Skarmory zai tsaya da jini 334 da Defense 416. Corviknight kuma jini 400 da Defense 339. Ninka su: na farko 138,944, na biyu 135,600. Ratar ba ta kai kashi 3 cikin ɗari ba. Duk dukan gaba-da-gaba da Skarmory zai shanye, kusan kullum Corviknight ma zai shanye shi. Amma juya ɓangaren Special, wato dukan da Sp. Def ke tarewa, ba tare da an zuba komai ba: Skarmory 334 sau 176, Corviknight 400 sau 206. A nan Corviknight ya fi shi da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Shi ya sa yake iya shigowa kan Moonblast ko Draco Meteor ya zauna, alhali Skarmory ko dukan da nau'insa ke rage wa ƙarfi ne, sai ka ga jininsa ya zube fiye da yadda ka zata.

To ina amfanin 140 ɗin? A hannu yake, ba a jiki ba. Motsin Body Press, mai ƙarfi 80, da Defense ɗin mai bugawa ake lissafa shi. Ɗauki Kingambit, wanda dukan Faɗa ke ci ninki huɗu. Idan ya cika jini, yana da 404 da Defense 276. Body Press ɗin Skarmory zai cire masa tsakanin 348 da 412, na Corviknight tsakanin 284 da 336. Ka ga bambancin: idan Kingambit ya taka shimfiɗa ɗaya ta Spikes da shigowarsa, saura masa 354, Skarmory zai gama da shi da bugu ɗaya kusan kowane lokaci. Corviknight sai ya buga sau biyu, kuma a tsakanin bugu na farko da na biyu Kingambit ya samu damar yin Swords Dance mai ninka Attack ko ya sauya nau'i da Tera, damar da ake samu sau ɗaya a wasa. Idan aka yi Iron Defense, motsin ninka Defense, sau ɗaya, Defense ɗin Skarmory ya koma 832, na Corviknight 678.

Sai dai ba wannan ne ainihin abin da zai raba maka gardama ba. Abin da ya raba su shi ne aikin da kowannensu yake yi da zagayen da ya samu a banza, wato lokacin da abokin karawa ya ga ba zai iya fasa shi ba ya janye dodonsa.

Skarmory yana shuka tarko. Yana da Spikes, yana da Stealth Rock, yana da Whirlwind. Shimfiɗa ɗaya ta Spikes tana cire kashi ɗaya cikin takwas na jinin duk wanda ya shigo da ƙafa, biyu kashi ɗaya cikin shida, uku kashi ɗaya cikin huɗu. Whirlwind kuma yana kore wanda ke fili ya jawo wani bisa tilas, shi ma ya taka. Whirlwind kusan kullum a ƙarshen zagaye yake fita, don haka sai ka fara shan duka kafin ya yi aiki, amma yana share duk ƙarin ƙarfin da aka tara da Swords Dance ko Dragon Dance. A Scarlet da Violet Skarmory ba shi da Defog, motsin share tarko. Duk wanda ya san shi da shi a wasannin baya ya cire wannan daga lissafi.

Corviknight akasin haka ne. Ba ya iya Spikes, ba ya iya Stealth Rock. Yana da Defog mai share tarko, yana da U-turn mai ba shi damar ya buga ya fice. Gudunsa 170 ne a mataki na 100, kuma wannan jinkirin alheri ne: yawancin masu duka sun fi shi sauri, don haka shi zai sha dukan, sa'annan ya yi U-turn ya shigo da Weavile ko Dragapult ɗinka ba tare da ƙwarzane ba. Kamar ɗan kamasho ne a tashar Kawo, ba shi ke tuƙa motar ba, amma shi ke kai fasinja har bakin ƙofa. Baiwarsa ta Pressure tana sa abokin karawa ya kashe PP (adadin sau nawa za a iya yin motsi) biyu a duk bugun da ya yi masa. Close Combat mai PP 8 sau huɗu kacal za a iya yi masa shi. A doguwar karawa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar Defog guda biyu ce, kuma mutane suna raina su. Ta farko, yana share tarkon ɓangare biyu ne, har da naka. Idan tim ɗinka da tarko take cin abinci, Corviknight zai riƙa rushe abin da ka gina. Ta biyu ita ce Gholdengo. Baiwarsa Good as Gold tana hana duk wani motsi marar duka da aka nufe shi da shi, Defog na ciki. Shi Fatalwa ne, Body Press ba ya taɓa shi. Shi Ƙarfe ne, Brave Bird rabi yake ci, U-turn kuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Da zarar abokin karawa yana da Gholdengo, Corviknight mai Defog ya zama ɗan kallo, abin da ya rage masa ya yi U-turn daidai lokacin shigowar. Skarmory ma ba ya iya yi wa Gholdengo komai, Whirlwind ma ba ya kama shi. Amma Spikes ƙasa ake zuba wa, ba dodo ba, saboda haka a zagayen da Gholdengo ke shigowa ka riga ka ƙara shimfiɗa ɗaya. Kada a manta kuma Defog yana rage kaucewar wanda aka yi wa, idan ya faɗa kan mai baiwar Defiant ka ninka masa Attack da hannunka.

A tim ɗinka, Skarmory muke ba ka shawara, ba tare da wata-wata ba. Great Tusk ya riga ya ɗauke maka aikin shara da Rapid Spin, wanda ɓangarenka kaɗai yake sharewa. Gholdengo ɗinka yana tare Rapid Spin ɗin abokin karawa saboda shi Fatalwa ne, yana tare Defog da baiwarsa, ke nan abin da Skarmory ya shuka zai daɗe a ƙasa. Weavile da Knock Off zai kaɓar da Heavy-Duty Boots, takalmin da ke hana tarko cin mai shi. Raunin Skarmory a ɓangaren Special kuwa Slowking ya rufe shi, kuma Chilly Reception ɗinsa yana yin aikin shigo da abokai da za ka nema a wurin U-turn. Lantarki ya zo, Great Tusk ya shiga. Wuta ta zo, Dragapult yana rage mata ƙarfi. Da ba ka da mai shara, ko da kana ɗauke da dodanni biyu ko uku da Stealth Rock ke ci da yawa ba tare da takalmi ba, da amsar ta juya zuwa Corviknight.

Tsarin da za ka fara da shi: Rocky Helmet, baiwa Sturdy, hali Impish, EV 252 a jini, 252 a Defense, 4 a Sp. Def. Motsi: Spikes, Roost, Body Press, na huɗu ko Iron Defense ko Whirlwind. Tunda Kingambit ne ciwon kanka, Iron Defense ya fi, domin idan shi kaɗai ya rage wa abokin karawa Whirlwind ba shi da wanda zai jawo, sai ya tafi a banza. Rocky Helmet na cire kashi ɗaya cikin shida na jinin duk wanda ya taɓa ka da jiki. Rillaboom ya yi Grassy Glide ko U-turn a kanka, shi zai fi jin jiki. Ga mai son gwada Corviknight: Pressure, Impish, 248 a jini, 252 a Defense, 8 a Sp. Def, da Roost, Defog, U-turn, da Body Press ko Brave Bird. Dalilin 248 shi ne jini ya tsaya 399, Stealth Rock ya cire 49 maimakon 50.

Yanzu wuraren da abin ke lalacewa, kuma akasarinsu sun shafi tsuntsayen biyu.

Roost yana mayar da rabin jini, amma PP ɗinsa 8 ne a Scarlet da Violet, ba 16 na da ba. Wanda ke danna shi duk lokacin da jini ya sauka zuwa kashi 70 zai wayi gari babu shi a lokacin da ake tsananin buƙata. Abu na biyu ya fi haɗari: a zagayen da ka yi Roost, nau'in Tashi yana sauka, ka zama Ƙarfe zalla har ƙarshen zagayen. Idan abokin karawa ya fi ka sauri, kamar Great Tusk mai gudu 87, babu komai, ya riga ya buga kafin ka sauka. Idan kai ka fi shi sauri, kamar Ting-Lu mai 45 ko Ursaluna mai 50, Earthquake zai same ka a ƙasa ninki biyu, haka ma duk dukan Faɗa. Kafin ka danna Roost, duba wa zai fara motsi.

Sturdy yana hana a kashe Skarmory da bugu ɗaya ne kawai idan jininsa a cike yake. Stealth Rock ya taɓa shi, ko ya yi Brave Bird ya sha kashi ɗaya cikin uku na dukan da ya yi, Sturdy ya tafi sai an sake cika jini.

Tera ma tarko ce ga wanda bai yi tunani ba. Sauyawa zuwa nau'in Dragon yana da kyau don yana rage Wuta, Lantarki, Ruwa da Ciyawa, Faɗa kuma yana ƙara wa Body Press ƙarfi. Amma da ka sauya, ka sauko ƙasa ke nan: Earthquake zai kama ka, Spikes za su ci ka, guba za ta shiga. Kada ka yi shi muddin akwai mai dukan Ƙasa da kai kaɗai ke tare shi.

Iron Defense da Body Press suna da masu karya su. Ƙuna daga Will-O-Wisp tana raba ƙarfin Body Press biyu. Dondozo da Clefable masu Unaware ba sa ganin ƙarin Defense ɗin da ka tara. Bugun sa'a mai ratsawa shi ma ba ya ganinsa, shi ya sa Ogerpon mai Ruwa yake da wuyar tarewa: Ivy Cudgel ya fi sauran yawan ratsawa, kuma ba ya taɓa jiki, Rocky Helmet ba zai rama maka ba. Salt Cure na Garganacl yana cin kashi ɗaya cikin huɗu na jinin Ƙarfe duk zagaye, fita kawai za ka yi. Taunt, mai hana motsi marar duka, ya fi cutar da Skarmory, tunda uku daga cikin motsinsa huɗu ba duka ba ne, idan kuma mai Taunt ɗin Fatalwa ne ba ka da abin dannawa. Hatterene da Magic Bounce za ta dawo maka da Spikes ɗinka ɓangarenka, don haka idan ka gan ta a jerin tim ɗin abokin karawa, kada ka zuba a zagayen farko, bari Gholdengo ya fara tsorata ta.

Magnezone bai cika yawa a OU yanzu ba, amma idan ya bayyana, Magnet Pull ɗinsa yana hana Ƙarfe fita. Corviknight zai iya tsira da U-turn idan ya jure bugu ɗaya ko ya riga shi motsi. Skarmory sai dai Shed Shell (kayan da ke ba shi damar fita ko an tsare shi), ko Whirlwind bayan Sturdy ya riƙe shi, ko Tera zuwa nau'in da ba Ƙarfe ba.

Abu ɗaya da ya shafi masu bugawa ta waya: wasan Skarmory yana da tsawo, yakan haura zagaye arba'in cikin sauƙi, kuma idan aka kunna agogon Showdown, yankewar intanet na 'yan mintuna ya isa a ba abokin karawa nasara. Ka tabbata akwai caji da data kafin ka shiga, ka kuma riƙa ajiye bidiyon maimaicin wasanninka. Turo mana guda uku a zaure, musamman waɗanda Kingambit ya ci ka, mu duba a wane zagaye jinin Skarmory ya sauka ƙasa da inda zai iya tare shi.