MacBook Air M1: batirin ya rufe min baki, sauran kuma sai a hankali

Ni ɗan Windows ne, kuma ban sauya sheƙa ba. Na faɗi haka tun farko don kada 'yan Apple su ɗauka sun yi sabon kamu. Amma abin da ido ya gani ba a musunsa. MacBook Air M1, wadda ta fito a Nuwamban 2020 ɗauke da M1, ƙwaƙwalwar da Apple ya ƙera da kansa a madadin ta Intel, ta yi abin da ban taɓa ganin wata laftof ta Windows mai irin kuɗinta ta yi ba. Maganar batir nake yi.

Wadda nake nufi ita ce ƙaramar, mai RAM 8GB da ma'ajiya 256GB, ta hannu, irin waɗanda suka cika kasuwa yanzu. Kuɗinta kun san shi, kuma ko na faɗa, gobe dala za ta ƙaryata ni.

Batirinta 49.9Wh ne kacal. Ba wani ƙaton batir ba ne, domin HP EliteBook 840 G5 da kowa ke rataye da ita ma 50Wh gare ta. Bambancin yana wajen cin wutar. Apple ya ce tana yin awa 18 a kallon bidiyo, awa 15 a yawon intanet. Maganar kamfani dai ba a haɗiye ta duka. Amma a aikin yau da kullum, wato Word da Excel da Safari mai shafuka kamar goma a buɗe, haske a rabi, tana kai awa 12, wani lokaci 13, matuƙar lafiyar batirin ta haura kashi 90 cikin ɗari. Ka raba 49.9 gida 12, za ka ga wat huɗu da ɗan ɗoriya take sha. Ƙwan lantarkin da ke ɗakinka ya fi ta cin wuta. EliteBook a irin wannan aiki, in ta yi awa biyar ta yi abin kai, shi ma sai in batirin na asali ne, ba irin wanda ake canzawa a bayan kanta ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma ba tsawon awannin ba ne, yadda take riƙe caji in an rufe ta ne. Ka rufe murfi da daddare tana kan 80, da safe ka buɗe ka tarar da 79 ko ma 80 ɗin, kuma kafin ka gama ɗaga murfin ta farka. Duk wanda ya riƙe laftof ta Windows mai tsarin barci na Modern Standby ya san ɗaya ɓangaren: ka sa ta a jaka a rufe, ta farka da kanta a ciki, ka ciro ta da zafi kamar an sauke ta daga kasko, batir ya tafi. Sannan ƙarfin aikinta ba ya raguwa don an zare caja, alhali yawancin na Windows da zarar an cire su daga wuta sai su rage gudu don su yi tattali.

Cajarta 30W ce, mai bakin USB-C, kuma a nan ne duk wanda ke zaune inda wuta ke zuwa da ƙa'idar ganin dama zai gane darajarta. Fawa bank na iya cika ta. Lissafin mai sauƙi ne: mai 20,000mAh a kan bolt 3.7 ya kama 74Wh, in ka cire abin da ke salwanta wajen juya wutar, za a bar ka da abin da zai cika ta sau ɗaya da ɗan saura. Wato yini biyu na aiki ba tare da an tada janareto ba. Sharaɗi ɗaya ne, fawa bank ɗin ya zama mai PD, wato tsarin caji mai ƙarfi ta USB-C, wanda aka rubuta 30W ko sama a jikin bakin USB-C ɗinsa. Irin tsofaffin nan masu bolt 5 kawai ba sa iya ɗaukar nauyinta tana aiki, sai dai ta riƙa ja kamar tafiyar hawainiya. Cajar waya mai PD ta 20W ko 25W ma tana yi, a hankali. Wayar cajin kuma kada a yi mata rowa, yawancin ƙorafin "ba ta caji" daga waya mai arha yake fitowa.

Ba ta da fanka. Ko kaɗan. Babu ƙara, babu ramin da zai zuƙi iska, saboda haka ƙurar hunturu da ke toshe fankar sauran laftof har sai an buɗe an hure, ita ba ta da ta inda za ta taru haka. Na so in ce wannan riba ce tsantsa, amma akwai kuɗin da ake biya. Jikin alminiyom ɗin ne ke fitar da zafi, kuma Apple da kansa ya rubuta cewa a yi aiki da ita tsakanin digiri 10 zuwa 35. Wanda ya san Afrilu a Kano ko Sakkwato ya san 35 sanyin safiya ne. Rubutu da lissafi ba sa damunta. Amma ka ɗora mata fitar da dogon bidiyo da tsakar rana a ɗakin da babu iska, bayan 'yan mintuna za ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Haka ma awa 12 ɗin nan ba ta kowa ba ce: Chrome ya fi Safari shan batir, kuma taron Zoom da kyamara a kunne yana iya raba awannin biyu.

Da a nan zan tsaya, da na ce kowa ya je ya saya. Sai dai da zarar ka buɗe Activity Monitor, manhajar da ke nuna yadda na'urar ke aiki, ka shiga Memory, murna za ta fara komawa ciki. Akwai wani zane a ƙasa da ake kira Memory Pressure. In yana kore, lafiya lau. Da 8GB, ka buɗe Chrome da shafuka ashirin, ga WhatsApp, ga Excel mai nauyi, sai ya koma ruwan ɗorawa, kuma Swap Used ya fara hawa. Ma'anarsa RAM ya cika, na'urar ta koma aron wuri a SSD. Da yake SSD ɗin na da sauri, ba ka jin abin nan take, shi ya sa masoyanta ke ta yawo da zancen wai 8GB na Mac daidai yake da 16GB na Windows. Ba daidai ba ne. A Oktoban 2024 Apple da kansa ya mai da 16GB mafi ƙarancin RAM a MacBook Air ɗin da yake sayarwa. In da takwas ta isa, me ya kawo ƙarin?

Kuma ba ka isa ka ƙara ba. RAM ɗin a manne yake da M1 ɗin kanta, SSD kuma an like shi da dalma a jikin bod. Abin da ka saya ranar farko, da shi za ku rabu. Ka kwatanta da Lenovo ThinkPad T480, ta Windows: ka kwance murfin ƙasa, ga ramin RAM guda biyu suna kallonka, SSD ana zarewa, har batir biyu gare ta, na wajen ana ɓalle shi a sa mai 72Wh ba tare da an kashe ta ba. Mai gyara a kowace kasuwar kwamfuta zai yi maka wannan kafin ka gama shan lemo. A Air kuwa, in bod ya mutu, fayilolinka sun bi shi, domin a kulle suke da makullin da ke cikin M1 ɗin, ba za a ciro SSD a sa a wani gida a kwashe ba. Maɓallin Touch ID, mai karanta zanen yatsa, shi ma da bod ɗinsa aka ɗaura masa aure. Saboda haka hadis na waje da Time Machine, manhajar Mac mai ajiye kwafin fayiloli, ba ado ba ne, wajibi ne, kuma kuɗinsa ya kamata a lissafa cikin kuɗin sayen. Batir dai ana canzawa, da sukundireba mai P5 a kwance kusoshi goma na ƙasa. Sikirin kuwa in ya fashe, yawanci murfin sama gaba ɗaya ake sauyawa, kuma siririn gaske ne, ɗan tsakuwa ko murfin biro a kan madannai ka rufe, shi ke nan. Ga shi Apple ba shi da shagon kansa a Najeriya, sai wakilai.

Bakin haɗi biyu ne, duka a hagu, ɗaya kuma caja ta cinye. Babu na filas irin wanda kowa ke da shi, babu HDMI, dole sai da hob mai ƙara bakunan haɗi a jaka, kuma sikirin na waje guda ɗaya tak take ɗauka. Hadis ɗin da aka tsara a NTFS, tsarin Windows, tana karantawa amma ba ta rubutu a kai, sai ka kwashe kayan ka mai da shi exFAT. Abin daɗi ɗaya a nan: bairos ɗin nan na shagunan buga takardu da ke mai da fayiloli gajerun hanyoyi ba ya tashi a kanta.

Babbar magana ita ce manhaja, kuma a nan ne soyayyar tambari ke kai mutum ta baro. Boot Camp, hanyar da ake sa Windows a Mac a da, ya tafi tare da Intel, ba a sa Windows kai tsaye a M1. Sai dai ta manhajar da ke tada Windows a cikin Mac, irin Parallels, da kuɗinsa, a ɗora Windows 11 na ARM, shi kuma ya zo ya raba 8GB ɗin nan da kai. Power BI Desktop babu na Mac. Access babu. Revit na zanen gini da ArcGIS Pro na taswira babu. Yawancin kayan aikin masu gyaran waya na Windows ne. Tsohuwar firintar ofis ma ba lallai a samu direbanta ba. Ɗalibin gine-gine ko na nazarin taswira da ya sayi wannan don batir, ya sayi fitila ne mai tsada. Mu masu rubutun Hausa kuma, Windows na da tsarin madannan Hausa a ciki. A Mac, kafin macOS Sonoma na 2023 ya zo da nasa, sai ka ƙara ABC – Extended, ka danna Option da Shift da aya tare, sannan k ko d ko b, kafin ƙ ko ɗ ko ɓ ta fito. Hannu yana sabawa, amma shafi guda na rubutu sai ka ji a yatsu.

Kada 'yan uwana na Windows su yi dariya da yawa. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kuma Windows 11 na neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da Intel zubi na takwas zuwa sama. Duk tulin i5 da i7 zubi na shida da na bakwai da ake tallatawa da "Windows 11 a kai", ta bayan gida aka shigar da shi. Can ɓangaren Apple ma haka: macOS 26 shi ne na ƙarshe ga masu Intel. Su kamfanonin ba su taɓa riƙe gabar da mabiyansu ke riƙewa ba. A 1997, lokacin da Apple ke tangal-tangal, Microsoft ne ya zuba masa dala miliyan 150, aka nuno Bill Gates a ƙaton allo a taron Macworld na Boston, masoyan Mac suka yi ta ihun ƙin amincewa, cinikin kuma ya tabbata. Mutanen da suka yi shekaru suna kushe Intel, da Apple ya koma Intel a 2006 sai suka koma yabo, da ya bar shi a 2020 suka dawo kushe.

To ina na tsaya? Da safe in na ga batir bai motsa ba, sai in ce ta ci kuɗinta. Da rana in zanen nan ya koma ruwan ɗorawa, sai in ce T480 mai 16GB ta fi hankali. Mai rubutu, malami, ɗan jarida, mai lissafin shago, ta yi musu, musamman in sun samu mai 16GB. Mai 8GB kuwa ina ba ta uku cikin biyar, kuma batirin ne ya ciyo biyu daga ciki.

Wanda ya nace sai ya saya ta hannu, kada ya biya sai an yi waɗannan a gabansa. A shiga System Settings, General, Transfer or Reset, a danna Erase All Content and Settings. Bayan ta tashi a haɗa ta da intanet, a bi matakan har ta kai fuskar aiki. In ta nemi Apple ID na wani, Activation Lock ne, kuma ba mai buɗe shi sai mai ita na asali ko Apple da rasidin saye. In ta nuna Remote Management, ta wata ma'aikata ce ko makaranta a waje, kuma ko an tsallake shi yau, yana iya dawowa ranar da ka goge ta. Wasu masu sayarwa kan saita ta ba tare da intanet ba don kada wannan shafi ya fito, shi ya sa na ce a gabanka. Sannan ka duba System Information, Power, ka ga Cycle Count. An ƙera batirin ya kai zagaye 1000, amma in Maximum Capacity ya sauka kusa da 80, awa 12 ɗin da nake ta zuzutawa ta koma tara ko goma.

Kuma "MacBook Air 2020" iri biyu ce. Akwai mai Intel da ta fito a Maris na wannan shekarar, jiki ɗaya, launi ɗaya, amma da fanka mai ƙara da batirin da bai kama ƙafar wannan ba. Juya ta ka karanta ƙananan rubutun ƙasa: A2337 ita ce M1, A2179 Intel ce. In rubutun ya goge, dubi layin madannai na sama. A M1, F4 hoton gilashin bincike ne, F5 makirfo, F6 jinjirin wata. In ka ga F5 da F6 na hasken madannai ne, ajiye masa kayarsa.