Mai maimaita zance da mai tsinto gaɓa

Wani in zai ba ka amsa sai ya dawo maka da maganarka kaf, ka ce kaza, ka kuma ce kaza, kafin ya iso kan nasa ra'ayin shayi ya huce, wallahi ji kake kamar lauya ya tsare ka a kotu. A zaman sulhu ko rabon gado dai yana da rana, don ba mai cewa an juya masa zance.

Wani kuwa gaɓar da ta dame shi kawai zai tsinto, "maganar kuɗin nan fa", ya ɗora. A hira nasa ya fi min, sai dai wani sa'in yakan yanko rabin zance ya bar "amma" ɗinka a baya.