Taron Masu Son Barin Giya: Yadda Za Ka Zaɓi Wanda Ya Dace da Kai

Kafin a zo maganar taro, akwai abin da ya fi shi gaggawa. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, har ta kai in ya tashi da safe hannunsa na karkarwa sai ya kurɓa ya daidaita, kada ya yanke sha rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Jiki kan fara bore tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe: zufa, tashin zuciya, bugun zuciya, rashin barci. Wasu jijjiga kan kama su cikin kwana biyun farko, wasu kuma daga kwana na biyu zuwa na huɗu su shiga ruɗewa da gane-gane, kuma wannan yana iya kisa. Likita za a fara gani. Aikin taro shi ne ya riƙe mutum bayan an wuce wannan gaɓa.

Ƙungiyar da ta fi kowace yaɗuwa ita ce Alcoholics Anonymous, wato AA, wadda aka kafa a 1935 a garin Akron na Amurka. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: mutum yana son daina sha. Babu rajista, babu kuɗin shiga. Akan zagaya da kwando, mai hali ya jefa abin da ya samu. Yawanci awa guda ake yi. A karanta ƙa'idoji, sannan a riƙa magana ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa na farko kawai, ba mai katse wani. Sabon zuwa yana iya cewa yau saurare kawai ya zo yi, a wuce shi. Taron iri biyu ne: buɗaɗɗe, wanda ɗan'uwa ko aboki zai iya raka ka, da rufaffe, na masu matsalar sha kaɗai. Ka duba wanne ne kafin ka fita.

Ƙarfin AA yana wuri biyu. Na farko yawan taruka, ta yadda a manyan birane da yawa mutum kan samu kowace rana. Na biyu jagora, wato wanda ya daɗe da bari, ya yarda ka kira shi lokacin da sha'awa ta taso, ya kuma bi da kai matakai 12 na barin sha da AA ta tsara, ɗaya bayan ɗaya. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, ta fitar a 2020, wadda ta tattara bincike 27, ta nuna shirye-shiryen da ke kai mutane AA sun kai sauran sanannun hanyoyin magani, har sukan fi su wajen dawwamar da mutum a kan bari gaba ɗaya. Inda wasu ke cijewa shi ne matakan suna maganar miƙa al'amari ga wani iko da ya fi ƙarfin mutum, a bar wa kowa fahimtarsa. Wani wannan ya yi masa yawa, wani kuma yana son a ambaci addininsa kai tsaye. Masu son haka akwai Millati Islami, wadda ta ɗora matakan a kan koyarwar Musulunci, da Celebrate Recovery ta Kirista. Ba ko'ina ake samunsu ba.

SMART Recovery, wadda ta fara a 1994, ta bi wata hanya. Babu jagora, babu maganar ruhi, kuma mai gudanar da taro horo aka ba shi. Ana tattaunawa, ana mayar wa juna magana, ana aiki da takarda da biro. Misali, a raba takarda gida huɗu: amfanin sha, illar sha, amfanin bari, wahalar bari, sannan a duba wanne ne na ɗan lokaci, wanne ne mai daɗewa. Wanda ke son dabara a hannu, yadda zai yi da sha'awa in ta taso da tsakar dare, nan ya fi masa. Rauninta ƙarancin taruka ne, kuma in an tashi ba lalle ka samu wanda za ka kira ba sai ka nemi lambar wani da kanka.

Ga mata akwai Women for Sobriety, tun 1975, kuma AA ma tana da tarukan mata zalla. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, akwai maganar da ba za ta fito a gaban maza ba. Iyali kuwa nasu Al-Anon ne.

Wajen nema, fara da shafin ƙungiyar a intanet ko manhajar Meeting Guide, ko ka tambayi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti. Jadawali kan tsufa, don haka ka kira ka tabbatar da wuri da lokaci. Inda babu taro kusa, ko ana tsoron idon sani, akwai na intanet: sa abin sauraro a kunne, rufe kyamara, ka kuma lura da bambancin agogo tsakanin ƙasashe. Yana da sauƙin shiga, haka kuma yana da sauƙin sulalewa ba wanda ya lura.

Kada ka yanke hukunci da taro guda. Ƙungiya ɗaya ce amma zama ya bambanta, shi ya sa ake ba da shawarar a gwada kamar shida. Ba laifi a haɗa AA da SMART a mako ɗaya. Abin dubawa shi ne: an yi maka maraba? Akwai waɗanda suka shekara da bari, ko kowa sabo ne? Ka sani kuma rufin asiri a nan alkawari ne tsakanin mahalarta, doka ba ta tsare shi kamar sirrin likita, don haka ka auna abin da za ka faɗa. Duk wanda ya nemi rance, ko ya fara neman sabuwar zuwa da soyayya, ko ya ce ka ajiye maganin da likita ya rubuta maka, irin su naltrexone mai rage sha'awar giya ko maganin damuwa, ka nisance shi, ka sanar da mai gudanar da taron. In aka yi biris da ƙorafinka, sauya taro.