Wace kwamfuta za ka saya in kana haɗa manhaja daga tushe?

Duk wanda ya taɓa kompailin (wato mayar da rubutun tushen manhaja ya zama wadda kwamfuta za ta iya gudanarwa) ɗin manyan manhajoji irin Chromium ko LLVM ko qtwebengine a Gentoo, nau'in Linux da ake haɗa manhajojinsa daga tushe, ya san lissafin lokacin da ake ba ka ba abin dogaro ba ne. genlop, mai kimanta maka lokacin haɗi a Gentoo, zai ce saura awa biyu, ka je Magariba ka yi Isha'i ka dawo yana nan yana juyawa. Shi genlop matsakaicin haɗin baya kawai yake ɗauka, bai san sabuwar sigar ta ƙara girma ba. Lambar nan da ke hawa ta ninja, manhajar da ke tafiyar da haɗin, ita ma fayiloli take ƙirgawa, wani fayil sakan ɗaya ne, wani na C++ ya cinye minti da yawa, ga linkin na ƙarshe, inda ake ɗinke fayilolin su zama manhaja ɗaya, musamman in an kunna LTO mai ƙara gyara manhajar a wannan matakin, nan sai ka rantse lambar ta daskare. Hatta SBU, ma'aunin lokaci na littafin Linux From Scratch, da ake aunawa da lokacin haɗa manhajar binutils, kimantawa ce kawai.

To ka ƙara da zafin Katsina na watan Afrilu. Furosesa na ɗaukar zafi take rage gudu da kanta, lissafin da aka yi da sanyin safiya ya tashi a banza. Shi ya sa nake cewa ka sayi injin da zai jure aikin ko da ya ninka abin da aka faɗa.

Ni dai ThinkPad T14 mai Ryzen 5 PRO 4650U nake so, na hannu. Cores 6, threads 12 (wato furosesar na iya ayyuka 12 a lokaci ɗaya), fanka mai sauƙin buɗewa ka share ƙura, akwai ramin ƙara RAM ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne tunda shawarar Gentoo ita ce a ware kusan 2GB ga kowane aiki na make -j (umarnin da ke saita yawan ayyukan da za a yi a lokaci ɗaya), wato mai 8GB in ya sa -j12 injin zai shiga swap (amfani da faifai in RAM ya cika) ya yi ta jan ƙafa ko a kashe aikin gaba ɗaya. Ka kai shi 24GB ka huta. Babban abin kuwa batir ne, a ɗauke wuta kana tsakiyar haɗin awa shida, shi ya ci gaba abinsa.

Desktop irin OptiPlex mai i5-8500 yana da ƙarfi da araha, amma ba inbata ba sola kar ka soma. MacBook M1 mai 8GB ba a ƙara masa RAM, wuce kawai. Celeron kuwa ba ma a maganarsa.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Mai shago zai nuna maka sitika ya ce "Alhaji i7 ce fa", alhali i7-7500U cores 2 ne kacal, i5 ta zubi na takwas (8th gen) ta fi ta. Ni an taɓa sayar min da SSD da aka rubuta 512GB, yana cika wani wuri fayiloli suka fara lalacewa, mai shagon ya ce ni na ɓata shi. Ka tafi da filasha mai Linux, ka buga umarnin lscpu da free -h a gabansa ka ga ainihin furosesa da RAM, ka duba awannin da faifan ya yi da smartctl. Ka shiga BIOS (saitin injin kafin Windows ko Linux ya tashi) ka tabbatar ba fasuwod ɗin supervisor da ke kulle shi, a ThinkPad cire shi wahala ne sosai. Sannan ka sa injin aiki mai nauyi na minti ashirin a cire caja, ka saurari fankar, ka taɓa ƙasansa. In ya ce sauri yake ba zai jira ba, karɓi kuɗinka ka shiga shagon gaba.