Na Bi Masu Zagayen Cikin Birnin Kano da Ƙafa: Sharhina

Idan tambayar ita ce ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, to ta biya. Sai dai ba a wuraren da aka fi kururutawa a talla ta biya ba. Wasu matasa ne suke shirya wannan zagaye na cikin birni, suna tallata shi a Instagram, ka yi musu magana ta WhatsApp, ka tura kuɗinka, su faɗa maka wurin haɗuwa. Ni mazaunin Kano ne, amma ɗan waje, irin mu da ba ma shiga cikin gari sai ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa, shi ma a mota ko a adaidaita sahu. Shi ya sa na ce bari in biya a zaga da ni, in ji me ake gaya wa baƙi game da garin da nake kwana a cikinsa.

Ayarinmu gauraye ne. Akwai ɗalibai daga kudu, akwai wani magidanci da iyalinsa daga Abuja, akwai Turawa masu aiki da wata ƙungiya, sai mu 'yan tsirarun Hausawa. Ɗan jagoran yaro ne mai fara'a da ladabi, ya sha shadda da hula zanna, kuma tun farko ya nemi afuwarmu cewa da Turanci zai yi bayani saboda baƙi. Ban ga laifin wannan ba. Abin da na fara lura da shi shi ne an ce ƙarfe takwas, amma sai da rana ta ɗaga sosai aka tashi, ana jiran waɗanda suka makara. Wanda ya san zafin Kano ya san abin da wannan jinkiri zai haifar a gaba.

A Gidan Makama, wato gidan tarihi, aka fara, kuma nan ya kamata a fara. Ginin ƙasa ne na asali, da azara da bakan gizo a rufin soraye, da kaurin bango da yake sa ka ji sanyi da zarar ka shiga, ba fanka ba komai. A ciki akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari na ƙarfe, da sulke da kwalkwali da lifidi, da hotunan sarakuna, da hotunan shigowar Turawa a 1903, lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato aka ci garin a bayansa. Ɗan jagora ya zubo shekaru tiryan-tiryan: Bagauda a 999, Gijimasu da ya fara ganuwa tsakanin 1095 da 1134, Muhammadu Rumfa daga 1463 zuwa 1499. Bai yi kuskure ba, amma hadda ce. Da wata ɗaliba ta tambaye shi yadda ake ɗaure azara har ta riƙe rufi ba ginshiƙi a tsakiya, sai ya yi murmushi ya ce fasahar mutanen da ce, ya wuce gaba. Wani dattijo da yake zaune a inuwa ne ya tashi ya nuna mata da hannu yadda ake jera guntayen azara, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaure su ana lulluɓewa da ƙasa har ɓangarorin biyu su haɗe a sama. Wannan shi ne abu na farko da na koya a ranar, kuma ba ya cikin abin da na biya.

Fada ba mu shiga ba. A Ƙofar Kudu muka tsaya, aka yi hotuna da dogarai daga nesa, aka yi mana bayanin Hawan Daushe da yadda UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Babban Masallaci ma daga waje muka gan shi, aka ce mana ginin yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, an kammala shi a 1951. Tallar ta rubuta Gidan Rumfa, wato fadar, a cikin wuraren da za a ziyarta, ba ta ce daga bakin ƙofa ba. Ya kamata su gyara wannan, domin mutumin Abuja ya ji haushi, kuma yana da gaskiya.

Marinar Ƙofar Mata ce wurin da na fi jin na mori kuɗina, duk da cewa nan ne aka fi sabawa da baƙi. Allon da ke bakin shiga ya ce 1498 aka kafa ta. Da ka shiga za ka ga fili cike da bakunan rijiyoyin rini, amma mafi yawansu a bushe, wasu an rufe, wasu shara ta cike. Kaɗan ne suke aiki. Wani dattijo yana zaune a bakin tasa a kan ɗan dutse, hannayensa sun rine har gwiwar hannu, farcensa baƙi ƙirin. Na gaishe shi, na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yauwa ɗana, kai ma baƙo ne?" Na ce ɗan gari ne, daga waje. Ya ce, "To ai baƙon ke nan." Aka yi dariya.

Shi ya nuna mini abin da ban taɓa sani ba, duk da rigunan shuɗi da na gani a rayuwata. Ya tsoma farin ƙyalle a cikin ruwan baba, ya ɗan juya shi, ya fito da shi. Ba shuɗi ya fito ba, kore-kore ya fito, mai ɗan rawaya. Ya riƙe shi a iska, muna kallo launin yana juyawa a gabanmu har ya zama shuɗi. Ya ce iska ce take rinin, ruwa kai saƙo kawai yake yi. Shi ya sa ba a jiƙa zane a bari, sai dai a tsoma a fitar, a tsoma a fitar, gwargwadon duhun da ake so. Ya yi mini bayanin yadda ake haɗa rijiya da baba da toka da katsi, a bar ta kwanaki ana motsawa har ta nuna, kuma da kumfar da ta taso da warinta ake gane ta yi. Warin kuwa ba ya ɓuya, yana nan a hancina har muka bar unguwar. Idan rijiya ta mutu, a kwashe abin da ya kwanta a ƙasa, a shanya, a ƙona, shi ne katsin da za a sake tayar da wata. A gefe guda akwai ɗakin masu bugu, samari a jere da manyan mabuga suna dukan zane a kan gungume har ya yi ƙyalli, sautin yana tashi bi da bi kamar an tsara.

Na tambaye shi 'ya'yansa suna sana'ar? Ya ce ɗaya yana zuwa idan ba makaranta, sauran sun kama wasu hanyoyin. Ya ce yadin kanti da rinin bature sun karya kasuwa, masu saye yanzu baƙi ne da masu neman tsaraba. Duk wannan hira da Hausa aka yi ta, a gefe, yayin da ɗan jagora yake can yana taimaka wa Turawa cinikin zannuwan ɗauri. A nan na gane inda matsalar zagayen take. An gina shi ne don wanda zai ɗauki hoto ya sayi tsaraba. Mutanen da suke da ilimin wurin a hannunsu suna zaune a gabanka, amma ba a tsara a ba su baki ba. Da ɗan jagora zai tsaya a matsayin tafinta kawai, ya bar Baba ya yi magana, da kowa ya tafi da abin da na tafi da shi.

Daga nan aka kutsa lunguna zuwa Kurmi, kuma wannan tafiyar ita ce abin da mota ba za ta taɓa ba ka ba. Lungu ya ƙuntata har sai kun bi ɗaya bayan ɗaya, kwata tana bin tsakiya, kana tsallakawa kana kauce wa mai kura da jarkokin ruwa. Ka wuce makarantar allo, ka wuce zauren da tela yake aiki, ka wuce tsohon gida mai zanko da zanen dagi a goshi, maƙwabcinsa kuma an rushe an yi bene da bulo da tayil. Gidajen ƙasa suna ƙarewa, wannan a fili yake. Ban zargi masu gidajen ba, wanda yake yaɓe duk shekara kafin damina shi ya san kuɗin da yake kashewa. A nan ɗan jagora ya burge ni. Ya san mutane, yana gaida dattawan da ke zaune a dakali da sunan unguwarsu, kuma kafin mu shiga ya ja kunnen kowa: kada a ɗauki hoton mata, kada a leƙa gidan mutane, a yi sallama. Da wani daga cikin ɗaliban ya ɗaga waya zai ɗauki almajirai, a hankali ya sa hannu ya sauke masa ita. Wannan tarbiyya ce, ba a koyar da ita a takarda.

Kurmi kuwa an yi mana gaggawa a cikinta, abin da ya fi ba ni takaici. Kasuwa ce da aka kafa tun zamanin Rumfa, wadda fatake suke sauka a cikinta daga Agadas da Ghat da Tarabulus, suna kawo gishiri da kanwa da alharini, suna tafiya da fata da baƙin zane. Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya ga yadda tufafinta suke kaiwa har Tambutu. Rumfunan 'yan sirdi kaɗai sun isa mutum ya yi awa guda: linzami, likkafa, jalala, kayan adon doki da ake ɗinkawa da hannu ana jiran sallah. Ga dukawa, ga masu ƙwarya, ga masu tasoshin tagulla, ga rumfunan littattafan addini da allo da tawada, ga layin da ƙanshin kanumfari da kimba da masoro yake tarar ka tun kafin ka iso. Mu kuwa an wuce da mu kai tsaye zuwa wasu rumfuna biyu na kayan fata, inda aka ba mu kujeru aka fara fito da jakunkuna. Ba sai an gaya maka akwai la'ada a tsakani ba. Ban ce haramun ba ne, kowa yana neman na cefane, amma farashin da aka fara faɗa a wurin ya ninka wanda na ji a rumfar da ke bayansu.

Wani abu kuma da aka tsallake: an sayar da bayi a Kurmi. Ɗan jagora bai ambata ba sai da ɗaya daga cikin ɗaliban ta tambaya, ya amsa a gajarce ya canza magana. A ganina wanda ya karɓi kuɗi don ya ba da tarihin gari bai kamata ya zaɓi mai daɗin kawai ba. Arzikin Kano na wancan zamani da rini da fatauci da noman gandu ya tashi, kuma akwai hannun bayi a ciki.

Dala aka bari a ƙarshe, kuma a nan jinkirin safe ya kama mu. Rana tana tsaka muka iso gindin dutsen. Matar mutumin Abuja ta ce ita kam a nan za ta zauna, yaransu ma suka bi ta. Ruwan da aka ce za a ba mu leda ɗaiɗai ce tun safe, ta daɗe da ƙarewa. Mu da muka daure muka hau matakalar, mun samu abin da muka je nema: birnin gaba ɗaya a shimfiɗe, Goron Dutse daga yamma, hasumiyoyin Babban Masallaci, rufin kwano iya ganinka. Daga sama ne kake gane girman abin da ganuwa ta kewaye, kuma daga sama ne kake ganin yadda ta ɓace. An ci ta da gine-gine, an ɗebi ƙasarta, abin da ya rage guntaye ne nan da can, duk da cewa tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a amince da su. Ɗan jagora ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura da kyau, a nan bakinsa ya saki, ya bar hadda ya koma labari irin na kaka. Har ya faɗa mana yadda yake hawa dutsen ranar Takutaha tun yana yaro, cikin cunkoson da ba masaka tsinke. Da da wannan muryar ya yi zagayen duka, da ban sami abin cewa ba.

Kuɗin da muka biya bai haɗa da na shiga gidan tarihi ba, bai haɗa da ɗan abin da ake miƙa wa marina idan an ɗauki hotonsu ba, kuma ba a faɗa mana tun farko ba. Ka riƙe canji a aljihu. Ka sa takalmi rufaffe saboda kwata, ka ɗauki ruwanka. Babu maganar bayan gida a tsarin, mata su san da wannan, kuma ba a ware lokacin sallar azahar ba sai da muka nema.

Baƙon da bai san gari ba, ina ba shi shawarar ya bi su, domin shi kaɗai ba zai iya fita daga lungunan nan ba, kuma ba zai samu karɓar da muka samu ba. Bahaushe kuwa, musamman ɗan Kano irina, ya nemi a haɗa masa nasa ayarin da Hausa, cikin hunturu idan da hali. Ya ce a fara da Dala da sassafe, a sauko Kurmi lokacin da ake buɗe rumfuna, a bar Gidan Makama mai sanyi zuwa tsakar rana. Na faɗa wa masu shiryawar haka da na tura musu ra'ayina, sun ce ana iya yi idan mutane sun kai adadin da suke so, amma kuɗin zai ɗan ƙaru.